Hannun Uwar Sauro

Kowace safiya, kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, wata dattijuwa kan fito daga lungun ƙarshe na layin, sanye da riga mai dogon hannu ko da gari ya tashi da zafi. Ba ta bin gefen da mai kanti yake fesa maganin ƙwari. Ba ta shiga motar haya in ta hango direba ya rataya abin ƙamshi a jikin madubi, gara ta taka da ƙafa. In wata ta miƙo mata hannu su gaisa, sai ta dafe ƙirji ta yi murmushi, ta ce a yi mata uzuri sai ta taso aiki. Baƙi kan ɗauka girman kai ne. Mutanen layi kuwa sun san inda hannun za shi, shi ya sa suka laƙaba mata Uwar Sauro. Da tsokana aka fara kiran sunan, ta amsa, har aka wayi gari ana faɗarsa da ladabi.

Wurin aikinta wani ɗan ɗaki ne a bayan cibiyar binciken zazzaɓin cizon sauro, mai ƙofa biyu, sai ka rufe ta farko kafin ka buɗe ta biyu. Cikinsa da ɗumi da danshi kamar banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi. Da ta shiga sai ta fara da farantan ruwa inda tsutsotsin sauro suke wutsil-wutsil, ta barbaɗa musu garin abinci da bakin yatsa. Ta tsince waɗanda suka kusa yin fiffike ta mayar da su keji. Ta sauya audugar ruwan sukari da ke saman kowane keji, don mazan sauro abincinsu ke nan, ba ruwansu da jinin kowa. Sannan ta ja kujera, ta naɗe hannun riga, ta zura sangalin hannunta cikin kejin matan, ta zauna shiru har sai cikinsu ya yi jawur.

Macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini, masu bincike kuma ba su da abin gwada gidan sauro ko maganin feshi in babu sauro a hannu. Waɗanda take kiwo tsarkakakku ne, don zazzaɓin ba ya bin ƙwai. Ita ce ma ake tsoron kada ta kai musu cuta, shi ya sa ake gwada jininta a kai a kai. Sharaɗin aikin kuwa shi ne fatar da babu komai a kanta: ba turare, ba man shafawa mai ƙamshi, ba hoda, ba zama ɗakin da aka yi feshi. Ƙamshi yana hana su sha, maganin ƙwari yana kashe su. Wasu sun riƙe sharaɗin sama-sama suka bar aikin. Ita ta riƙe shi fiye da yadda aka ce ma, shekara talatin da ɗoriya.

Ke ce wadda aka yi shekaru ana cin moriyar jininta ba a san fuskarta ba. Wannan jinjina taki ce, yanzu da kika ajiye aiki. Amma ki yi haƙuri, labarin hannun nan ba ya tafiya daidai sai an bi ta wajen wadda ta fi kowa jin haushinsa a duniya, wato 'yarki.

Ita kaɗai Allah ya ba dattijuwar, ita ce ta fari ita ce ta ƙarshe, uwar kuma ta zaɓi ta kira ta Auta. Yaran layi ba su bar sunan ya huta ba. Da sauro ya gifta suna wasa sai su ce ga ƙanwarta nan ta zo gaishe ta. Wasu su tambaye ta yadda ake Auta alhali kullum ana ƙyanƙyashe dubbai a bayanta. Takan ɗauki dutse ta bi su, amma in ta koma gida sai ta ga kamar gaskiya suka faɗa.

'Yan ajinsu suna zuwa makaranta suna sheƙi suna ƙamshi, uwa ta zaunar da kowacce ta mulke ta da mai tun daga wuya har diddige. Ita kuwa sabulu marar ƙamshi ne, man kuma mahaifinta ke shafa mata. Kafinta ne, shi ya ƙera wa cibiyar kejinsu na farko, tafin hannunsa kamar takardar goge katako. Da yamma in uwar ta dawo, Auta ta rugo za ta ɗafe ta, sai ta ji an ce, "A hankali, hannun." A lokacin ya kumbura, yana zafi yana ƙaiƙayi. Yarinya ba ta san da wannan ba. Abin da ta sani shi ne akwai waɗanda ake miƙa wa hannun nan su yi yadda suka ga dama, ita kuma a hankali ake ce mata. Ranar da aka ba ta kyauta a makaranta, uwar ta iso ana kwashe kujeru, don wuta ta ɗauke a ɗakin sauro ta tsaya rataya jiƙaƙƙun tsummoki kada iska ta bushe su mutu. Auta ta jefa kyautar ƙarƙashin gado ba ta sake waiwayarta ba.

Kishi ne, ba wani suna da za a saya masa. Kishin ɗan'uwa ma da sauƙi, kana iya shaƙe shi a bayan ɗaki ka huce. Wannan kuwa abokan kishin nata ko ganinsu ba ta taɓa yi ba.

Da ta girma, bayan rasuwar mahaifinta, cikin duk sana'o'in da Allah ya shimfiɗa a bayan ƙasa sai Auta ta buɗe shagon turare da kayan shafa. In ka tambaye ta za ta ce harkar tana tafiya ne. Duk wanda ya san gidan ya san ba haka zancen ya tsaya ba. Shagon ya yi kyau, kwalabe jere reras har rufi, ƙamshi yana tare mutum tun daga bakin titi. Uwar ta sa albarka iyakar sawa, amma daga tsallake. Kullum in ta taso sai ta tsaya jikin turken lantarkin da ke fuskantar shagon, ta ɗaga hannu, ta tambayi kasuwa, ta wuce. Auta ta amsa a daƙile, ta koma ciki tana goge kwalaben da ba su yi ƙura ba.

A faɗi gaskiya, rabin katangar nan Auta ce ta gina da hannunta. In ta je gida, uwar takan ce ta watsa ruwa ta sauya kaya ta zo su zauna a gado ɗaya su yi hira. Sai ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ita ba za ta yi wanka don ta ga uwarta ba, sai ka ce mai shiga ɗakin tiyata. Ta ja kujera ta zauna bakin ƙofa, ta cika ta batse. So take a zaɓe ta yadda take, da turarenta da komai, ko sau ɗaya ne. A can gidanta kuwa akwai wata 'yar kwalba da ta fi komai na shagon daraja, ta ƙi sayarwa ta ɓoye a durowa. Ta ce ranar da sauro suka sake mata uwa, da hannunta za ta shafa mata shi.

Ana cikin haka sai zancen birai ya taso. Masu yankan katako sun ci gaba da kutsawa cikin kurmin da ke bayan gari, manoma suna bin sawunsu suna share gonaki. Birai da a da sai dai a ji kukansu daga nesa suka dawo bakin gona, suna kwana a bishiyoyin da ma'aikata suke hutawa a ƙarƙashi. Ba a daɗe ba aka fara kawo ƙarti majiya ƙarfi asibiti ranga-ranga da wani zazzaɓi mai saurin kayar da mutum. A madubin likita ƙwayar cutar ta yi kama da wadda aka saba gani, sai da aka zurfafa gwaji aka gane ta birai ce. Biri ba ya bai wa mutum ita hannu da hannu, dole akwai ɗan aike. Ma'aikatan cibiyar suka shiga kurmi da tarkunansu, suka dawo da wani sauron daji wanda yake cizon biri a saman bishiya, ya sauko ya ciji mutum a ƙasa.

Sanin mai laifi daban, sanin maganinsa daban. Ana bukatar a yi kiwonsa a keji don a gwada abin da yake kashe shi da abin da yake korarsa. Matan sauron da aka kamo suka yi ƙwai, 'ya'yan suka tashi lafiya ƙalau babu cuta a jikinsu, amma suka ƙi cin abinci. Akwai wata 'yar na'ura da take ɗumama jini a bayan tantani, sauron gida yana sha ba gardama. Na dajin nan ko kallonta bai yi ba. Shugaban ɗakin binciken ya faɗa da bakinsa cewa ya zura nasa hannun, abokan aikinsa ma haka, ɗaya biyu su ɗanɗana sauran su maƙale a jikin raga har su mutu. Aka yi ta kamowa ana asara. Sai Uwar Sauro ta rage hasken ɗakin, ta zura hannu, ta zauna kamar gunki. Malamin da yake duba madubi ya ce yana tsaye a bayanta ya ga sun sauko ɗaya bayan ɗaya har fatar ta rufe. A karon farko sauron dajin da aka ƙyanƙyashe a keji ya yi ƙwai, 'ya'yansa ma suka yi.

Ke ce mai haƙurin da ya saukar da na kan bishiya. Cibiya ta yi murna a ranar, amma a shagon turare ba a yi ba. Da labari ya kai wa Auta, cewa ta yi madalla, an ƙaro mata ƙanne daga daji, saura a kawo biran su ma a goya.

Ba a rufa wata biyu ba zazzaɓin ya shigo mata gida. Mijinta direban motar katako ne, mutum mai barkwanci da bai san ciwon kai ba. Ya dawo daga kurmi yana rawar ɗari, kafin a ce me ya fita hayyacinsa. Aka kwantar da shi a ɗakin maza, gadonsa jikin taga. Auta tana zaune a gefensa da tsakar rana, hankalinta a tashe, tana ji likitoci suna magana ƙasa-ƙasa, sai ta ga inuwa a tagar. Uwarta ce, ta baro wurin aiki ko gida ba ta biya ba. Ta tsaya a waje, don a safiyar nan aka yi wa ɗakin feshi, warin ma bai gama fita ba.

"Mama, shigo mana."

"An yi feshi, Auta. Ina nan, ba inda za ni."

"Mijina yana mutuwa, kina lissafin sauro?"

Uwar ta ce keji ɗaya ne tak ya rage na sauron dajin, gobe ne ranar shansu, in ta kai musu guba a fata shi ke nan an koma farko, kuma ba mijin Auta kaɗai ke shiga kurmin nan ba. Auta ba ta bari ta ƙarasa ba.

"To koma wajen 'ya'yanki. Su ne masu uwa, ni tsinto ni aka yi."

Ta ja labule. Ko uwar ta yi daidai a ranar? Mai jinjina ba zai yi ƙarya ya ce abin da sauƙi ba. Da yawa cikin masu karanta wannan da sun shiga sun rungume 'yarsu, sauro ya mutu ya huta, kuma ba mai zarginsu. Ita ba ta shiga ba, amma kuma ba ta tafi ba. Ma'aikaciyar jinyar ɗakin ta ce ta fito mata da kujera, uwar ta ƙi karɓa don daga ciki aka ɗauko ta, ta tsaya da ƙafafunta har rana ta faɗi. Washegari ta dawo, haka jibi. Direban da kansa ya ce da ya fara farfaɗowa, duk lokacin da ya buɗe ido abin da yake fara gani ta gefen labule shi ne dogon hannun rigar surukarsa riƙe da ƙarfen taga. Auta ma tana gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

Allah ya tashi kafaɗar direban. Kejin nan ɗaya kuma ya zama huɗu, ya zama jere guda. Da su aka gano wane feshi sauron dajin yake rainawa da wanda yake jin tsoro, da su aka gwada rigunan aiki da gidajen sauron da ake jiƙawa da magani ana raba wa masu kwana a bakin kurmi. Ma'aikaciyar jinyar ta ce gadajen jikin taga sun fara yin kwanaki babu kowa a kai. Direba yana sa tasa rigar yana tsokanar matarsa, wai ƙannenta ne suka ɗinka masa. Ita kuwa ko murmushi, don abin ya ƙara mata haushi ne. Da ma a ce aikin banza uwarta take yi, da ta ji daɗin yin fushi. Yanzu ga shi an tabbatar abokan kishin nata suna da amfani.

Shekaru suka ja, hannun ya fara gajiya. Cizon da a da yake bajewa kafin yamma ya koma yin gyambo, wani ya warke wani ya ɓarke. Likita ya rubuta mata ƙwayoyin da za ta jima tana sha, ya ce in aka ƙara sakaci ciwon zai ci ya shiga nama, kuma ba ya ɗaukar alkawarin abin da zai biyo baya. Matsalar ita ce maganin yana zama a jini, duk sauron da ya sha ta ba zai kwana ba. Ta karɓi ƙwayoyin ta ajiye a kan taga ba ta ɓalle ko ɗaya ba. Lokacin ajiye aikinta ya zo, ta roƙi a ƙara mata. Ana koya wa sauron dajin shan na'ura, kowane zubi ana samun ƙarin masu yarda, amma da saura, ta ce ba za ta bar su a tsakiyar hanya ba.

A bakin direba Auta ta ji, shi ya ga ƙwayoyin a taga da ya je gaisuwa. Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi cibiyar, ta faɗa ofishin shugaban ta wanke shi tas. Ta ce sun shanye mata uwa tun tana yarinya, yanzu kuma hannun suke so su cire gaba ɗaya. Mutumin ya saurare ta har ta gaji, ya ce shi ma ya yi roƙon duniya dattijuwar ta ƙi. Auta ta ce to a buɗe mata ɗakin, yau sai ta ga fuskar waɗanda aka fifita a kanta. Ya ce da wannan ƙamshin da ya riga ta shigowa tun daga bakin ƙofa, ko barandar ba za ta taka ba. In tana so ta shiga, ta yi kwanaki ba ta taɓa kayan shagonta ba, ta zo a gwada jininta. Ko yana da wata manufa a ransa, bai faɗa ba.

Abin da ta ƙi yi don uwa, sai ga shi ta yi don kishi. Ta damƙa shago a hannun ƙanwar mijinta, ta yi ta dirzar jiki da sabulun da ta tsana tun tana ƙarama, ta sayi riga sabuwa da ba ta taɓa kwana a durowarta ba. Ba taimako ta je yi ba, kada a ƙara mata ladan da ba ta nema ba. Ta je ne ta ga abokan gaba.

Ta rufe ƙofar farko, ta buɗe ta biyu, ɗumi ya buge ta. Ta duba ta ga ba komai ba ne sai 'yan kejin raga, irin waɗanda mahaifinta ya ƙera, da wasu 'yan halittu da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Waɗannan ne suka hana ta barci shekara da shekaru. Uwar tana zaune ta ba ta baya, ba ta ji shigowarta ba, don a karon farko babu ƙamshin da ya yi mata sallama. Tana naɗe hannun riga. Rabon Auta da ganin hannun nan tsirara har ta manta. Ya yi baƙi ya yi kauri kamar ɓawon itace, ga gyambo nan da can yana tsattsafo da ruwa. Dattijuwar tana jujjuya shi a gaban fitila, tana neman ɗan wurin da ya rage da lafiya da za ta miƙa.

Auta ta kasa ci gaba da kallo. Ta taka ta riƙe wuyan hannun.

"Sauke rigarki, Mama."

Uwar ta ɗago ta kalle ta, ta shinshina iska, ta sake kallonta. Kafin ta yi magana Auta ta ture kujerar gefe, ta naɗe nata hannun ta zura cikin keji. Malamin madubi ya ce ya riƙe numfashi, don ya san halin 'yan dajin nan da wulaƙanta baƙo. Suka ɗan yi shawagi, ɗaya ta sauka, sai ga su duu kamar an kira su. Shi malamin ya ce warin jiki ne aka gada. Shugaban ya ce ba a tabbatar ba tukuna. Auta ba ta ji ko ɗaya ba, zafi da ƙaiƙayi sun kai mata har ƙwaƙwalwa, tana so ta fizge. Sai ta ji uwar ta tallafe mata gwiwar hannu daga baya, tana ce mata kada ta motsa, ta ja numfashi a hankali. Ta cije leɓe, hawaye yana zuba, ta kalli kejin ta ce, "Ku sha ku ƙoshi, ku sake min uwata."

A yammacin nan dattijuwar ta ɓalle ƙwayar farko ta haɗiya, Auta tana tsaye a kanta kamar mai gadi. Auta kuma ta karɓi kejin dajin har zuwa ranar da za su yarda da na'ura gaba ɗaya. Har yanzu ba ta son su, tana faɗa a gaban kowa. Amma ba ta taɓa makara ba.

An yi ɗan taron sallama a barandar cibiyar, aka yi jawabai, aka tafa. Da aka koma gida Auta ta sa mijinta ya ɗauko kwalbar nan ta cikin durowa, tunda ita yanzu ba ta da ikon taɓawa. Ya miƙa wa surukarsa da hannu biyu. Dattijuwar ta juya ta, ta yaba kyanta, ta yi godiya, ta tashi ta ɗora a saman kabad ba ta ko murɗa murfin ba. Nan take tsohon haushi ya taso wa Auta.

"Mama, yanzu kuma don wa? Kin ajiye aiki fa. Shekara nawa ina ɓoyon kwalbar nan."

"In na shafa, da wane hannu zan riƙe ki?"

Auta ta dubi nata hannun mai shan cizo, uwar ta ci gaba.

"Na haƙura da turare saboda sauro tun kafin ki yi wayo. Ke zan kasa yi wa?"

Ta buɗe hannuwan nan biyu, da bandejinsu da komai, ba ta ce a hankali ba. Direba ya ce shi dai fita ya yi ya ja musu ƙofa. Ya ce ta cikin ƙofar yana jin matarsa tana kuka tana mita, wai ai duk da haka sauro ne suka riga ta.

Ke ce Uwar Sauro, ke ce kuma uwar Auta, kuma ba ki taɓa yarda ɗaya ya kore ɗaya ba, ko da 'yar ba ta gani ba. Mun gode. Matan da mazansu suka shiga kurmi suka dawo da ƙafafunsu sun gode, ko da ba su san sunanki ba. Allah ya warkar da hannun nan, ya saka miki da abin da ba mu iya biya. Mu ma da muke rubutu muna ɗan taya Auta kishi, don ba kowa ne ya samu aikin da zai riƙe da gaskiya haka ba, ba kowa ne kuma ya samu uwa irin wannan ba.

Masu tasowa a ɗakunan bincike da asibitoci, ku dubi yadda ake riƙe ƙaramin sharaɗi ba tare da mai sa ido ba, ku yi koyi. Ku kuma da kuke da irinta a gida, wadda aiki ya cinye rabinta, ku je ku ga inda take kai hannunta kafin ku yanke mata hukunci, kada ku jira sai ya yi gyambo.

In kun bi ta layin da yamma, ku duba jikin turken lantarkin nan. Yanzu mutum biyu ne suke tsayuwa, dukansu da riguna masu dogon hannu, ƙaramar ta saƙala hannunta cikin na babbar tana ƙwala wa ƙanwar miji kira daga tsallaken titi ta gyara jerin kwalabe. Waccan kwalbar kuwa tana nan saman kabad a rufe. Auta ta ce ranar da ƙannenta suka koyi shan na'ura, ita za ta buɗe ta, ta shafa wa uwarta tun daga kafaɗa har bakin yatsa, kuma ba ta yarda kowa ya taya ta ba.